Farashin Gidan Kwano

Godogodo,
2 ga Maris, 1975.

Ɗana Silvanus,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangiji, da fatan kana lafiya, kuma kana cin abinci irin na mutane, ba shayi da burodi kullum ba. Ni gwaggonka lafiyata ƙalau, sai gajiyar 'yan aji huɗu, su hamsin da uku bana. Maigida, babanka Eli, shi ne ba shi da lafiya, kuma saboda shi na zauna rubutun nan.

Tarin da ka tarar yana yi lokacin Kirsimeti bai tafi ba. Na kai shi asibiti a Kafanchan, aka ɗauki hoton ƙirjinsa, aka ce tarin fuka ne. Sun ba shi ƙwayoyi, suka kuma rubuta allura, kullum ɗaya har kwana casa'in, ba fashi. Sai dai allurar babu ita a asibitin. An ce kaya sun maƙale a bakin teku a Ikko. Na shiga kemis huɗu a Kafanchan har igiyar takalmina ta tsinke, ban samu ko kwalba ɗaya ba. Ashe tana nan kusa da mu, a shagon Dattijo Kumai na bakin kasuwa, wanda yake zama a kujerar dattawa a majami'armu. Ya sayi kwali-kwali tun kafin ta yi wuya.

To, ga abin da ya tsaya mini a wuya. In manomi ya shiga shagon, kwalba kobo arba'in ce. In ni na shiga, naira biyu da rabi. Kwalba iri ɗaya, daga kwali ɗaya, da hannu ɗaya yake ɗaukowa. Kafin ya dubi fuskarka sai ya dubi ƙafarka, ya ga ko da takalmi, sannan ya dubi hannunka ko da agogo. Mu kuwa ba ya bukatar dubawa, don daga ƙofar shagonsa ana hango kwanon da muka rufa ɗaki da shi. Ka san kuɗin ƙarin albashi na Udoji da aka biya mu a kwanon nan suka tafi gaba ɗaya, kafin mu san ciwo na zuwa. Babanka ya yi ritaya, fanshonsa bai fara fitowa ba. Naira biyu da rabi kullum albashina ke nan ɗungurungum, ko na gishiri ba zai ragu ba. Na faɗa wa Kumai haka, ya ce gidan kwano ba ya kukan talauci.

Yanzu zan gaya maka abin da ban gaya wa kowa ba. Maƙwabciyarmu Angelina, wadda take noman acca a bayan makaranta, ita take zuwa mana. Ranar kasuwa sai ta shiga ba takalmi, ta ce na mahaifinta ne da yake kwance a ƙauyensu kan dutse, ta sayo kwalba bakwai a kuɗin manoma. Sista Irene, tsohuwar nas ɗin nan, ta zo gida kowace safiya ta yi masa. Yau kwana goma sha shida, kuma zufar da yake yi ta ragu, jiya har ya cinye tuwonsa. Babanka bai sani ba. Yana zaton Kumai ne ya yi masa ragi saboda shekara talatin da ya yi yana koyar da 'ya'yan garin nan, ni kuma na bar shi a haka. Ka san halinsa da buɗe wasiƙa, don haka kada ka ambaci sunan matar nan a amsarka.

Kai da muka sayar da awaki muka tura ka jami'a karatun tattalin arziki, ka gaya mini: abin da Kumai yake yi yana da suna a littattafanku, ko kuwa mugunta ce kawai ta mutumin Godogodo?

Gwaggonka,
Martha.

Zariya,
14 ga Maris, 1975.

Gwaggo,

Gaisuwa mai yawa gare ki da Baba. Wasiƙarki ta zo jiya. Hankalina ya tashi da jin ciwon Baba, amma na gode wa Allah da yake samun allura kuma ya fara cin abinci. Ki gaya masa ina yi masa addu'a. Ni lafiya lau, kuma ina cin tuwo sau biyu a mako, ki daina zargina.

Kin yi tambaya a daidai lokaci, don abin da muke kai ke nan a aji. Yana da suna, ana ce masa bambanta farashi, wato kaya ɗaya a sayar wa kowa gwargwadon abin da zai iya biya. Ba Dattijo Kumai ne ya ƙirƙiro shi ba. Ni kaina in zan zo gida rabin kuɗin jirgin ƙasa nake biya da takardar ɗalibi, mai zama kusa da ni kuwa ya biya cikakke, kuma a tasha ɗaya za a sauke mu.

Amma ba kowane mai kaya ne yake iya yi ba. Mai tumatir a kasuwar Kafanchan, in ta ga takalminki ta ɗaga kuɗi, sai ki matsa gaba wurin ta kusa da ita. Sai wanda kayan suke hannunsa shi kaɗai, mai saye kuma ba shi da wurin zuwa. Wannan Dattijo ya samu. Sannan sai ya iya gane mai shi da marar shi, wannan ma ya samu, tunda ya san gidan kowa da gonar kowa. Kuma in faɗi gaskiya, Gwaggo, abin ba mugunta ba ne zalla. Da zai sa farashi ɗaya, wataƙila naira ɗaya da rabi zai sa, ke ki ji sauƙi, manomi kuwa ya koma gida hannu wofi. Tsadar da masu albashi suke biya ita take riƙe arahar talaka. Malaminmu ya daɗe a kan wannan, ni ma sai da na yi gardama kafin na yarda.

Sharaɗi na uku shi ne inda Dattijo ya yi sake, kuma shi ya sa nake cewa kada ki damu. Farashi biyu ba ya tsayawa muddin wanda aka sayar wa da araha zai iya miƙa kayan ga wanda aka tsawwala wa. Wanzami yana iya karɓar sule a wurin wani, sule biyar a wurin wani, don ba mai iya sayo aski ya kai wa maƙwabcinsa. Kwalba kuwa tana shiga aljihu. Duk mai hankali zai aiki manomi ya sayo masa, kuma nan da wata biyu rabin masu albashin Godogodo haka za su yi. Da Dattijo ya yi karatunmu, da ba zai bar kwalba ta fita daga shagonsa ba. Sai ya ce duk mai ciwo ya zo da kansa a yi masa allurar a nan. Sa'a ce bai san wannan ba.

Na yi amfani da misalin a aji, ban faɗi sunan gari ba, malamin ya ce in rubuta shi a jarrabawa. Ki gaida Sista Irene da mutanen gida duka.

Ɗanki,
Silvanus.

Godogodo,
6 ga Afrilu, 1975.

Silvanus,

Muna gaisuwa. Ni ina nan. Babanka jiki ya koma baya. Sau uku na fara wasiƙar nan ina yagawa, don abin da na rubuta da farko bai dace da bakin mai zuwa majami'a ba.

Ka manta yadda ake yi da wasiƙunka a gidan nan? Tun ranar da ka shiga jami'a, kai na farko a danginmu, ba a taɓa karanta wasiƙarka a ɗaki ba. Fasto yana kawo ta daga gidan waya ranar Lahadi, babanka ya sa tabarau ya karanta wa duk wanda ya zo gaisuwa bayan sujada, yana tsayawa yana duban fuskokinsu. Ni ma na sani, shi ya sa na ce ka ɓoye suna. Ban zaci za ka ɓoye suna ka shimfiɗa dabara ba. Laifin rabi nawa ne, na yarda, amma rabin naka ya ishe ka.

Ran Lahadi kafin Ista ina taron zumuntar mata, dattawan ikilisiya suka zo duba marar lafiya, su biyar, har da Kumai. Babanka ya buɗe wasiƙarka a gabansu, yana tari yana karantawa, yana murna ɗansa ya iya zance. Sista Irene tana wurin. Ta ce da aka zo kan wanzami kowa ya yi dariya, ban da Kumai. Shi sai ya matso da kujerarsa ya ce, "Malam, maimaita mini wurin nan na kwalba." Babanka kuwa ya maimaita masa, a hankali, kamar yana koyar da 'yan aji ɗaya.

Ranar kasuwa Angelina ta dawo daga shagon Kumai hannu wofi. Ta ce, "Malama, shi ya ce in kawo baba na a shago. Baba na kuwa ya mutu tun shekara huɗu. Ya tambaye ni a gaban mutane, ni ban iya ƙarya biyu ba." Ta faɗa masa komai. Ban ga laifinta ba, ni na sa ta.

Washegari Kumai ya zo gida da kansa, ya zauna a kujerar baƙi. Bai ɗaga murya ba, na fi so da ya ɗaga. Ya ce daga yanzu kwalba ba ta fita daga shagonsa, mai ciwo ya zo a yi masa a can. Na ce masa mutum ne kwance, dattijo ɗan'uwansa. Sai ya juya wurin babanka ya ce, "Malam, kobo arba'in ɗin nan ko kuɗin da na sayo bai kai ba. Na sa shi ne don mutanen dutse. Kwalba talatin da biyar da ka sha, rabon su ne. Ɗanka ma ya faɗa a wasiƙa, ku masu albashi ne kuke riƙe talaka."

Ka ji, har da maganarka ya buge mu. Bayan Kumai ya fita babanka ya tambaye ni ko gaskiya ne, na ce gaskiya ne. Shekara ashirin da shida muna tare bai taɓa kwana biyu bai yi mini magana ba sai wannan karon. Da ya buɗe baki, cewa ya yi na sa shi ya ci abincin matalauta ba da saninsa ba. Na ce masa na gwammace ya yi fushi da ni yana numfashi.

Yanzu kowace safiya sai a ɗora shi a bayan keken Fasto, a tura shi har bakin kasuwa, ya zauna a benci ya jira layi, mu biya naira biyu da rabi. Na sayar da keken ɗinkina, ya kai mu kwana goma. Bayan wannan ban san abin da zan sayar ba. Mutanen dutse kuma da ka ce ana riƙe su, ka san tafiyar awa uku ce daga can. Waɗanda suke saya wa marasa lafiyarsu da gaske, yanzu sai sun sauko da su kullum a goye. Biyu sun gwada mako ɗaya, ban sake ganinsu ba.

Kasuwa ta gyara kanta, yadda littafinku ya so. Ka rubuta wannan ma a jarrabawa.

Martha.

Zariya,
16 ga Afrilu, 1975.

Gwaggo,

Ina gaishe ki, ina gaida Baba. Tun da na karanta wasiƙarki ban shiga aji da hankalina ba. Ba ni da abin da zan kare kaina da shi. Kin kawo mini ciwon Baba, ni kuma na ɗauke shi darasi, har ina jin daɗin yadda ya dace da littafi. Na san ana karanta wasiƙuna a gaban mutane, na sha zama ana karanta na wasu. Son a ce na iya ne ya rufe mini ido. Ki gafarta mini.

Kwana biyu ke nan ina yawo a Sabon Gari. Na sami allurar a wani babban shagon magani kusa da tashar mota. A nan shaguna uku ne suke da ita, don haka ba mai duban ƙafar kowa, kobo sittin ce ga duk wanda ya shigo. Suna neman takardar asibiti kawai. Kuɗin littattafan da gwamnati ta ba mu yana hannuna, zai sayi kwalba arba'in. Ba na so in sa a gidan waya, don kwalba ce, kuma kin san yadda saƙo yake kwana a hanya. Ni zan kawo da kaina. Zan rasa darasin kwana huɗu, jarrabawar ƙarshe kuma sai farkon Yuni, amma wannan ba komai ba ne.

Ki aiko mini da takardar asibitin, ko ki rubuta kalma ɗaya ki ce in zo, in hau jirgi ranar. In kina fushi da ni har yanzu, ki yi fushin bayan na kawo.

Ɗanki,
Silvanus.

Godogodo,
27 ga Afrilu, 1975.

Ɗana ƙaunatacce,

Alheri da salama su tabbata gare ka. Ni ne babanka Eli. Ka yi haƙuri da rubutun, bai miƙe kamar na da ba. Jiki da sauƙi, mun gode wa Allah.

Fasto ya ba ni wasiƙarka, na karanta ni kaɗai wannan karon. Kada ka zargi kanka. Gaskiya ka rubuta, kuma gaskiya ba ta zama laifi don wani ya ji ta. Da ba ka rubuta ba, da har yau ina shan abin da ba nawa ba.

Batun zuwanka, ban yarda ba. Shekara goma sha shida muna jiran watan Yunin nan, ba za ka zubar da shi saboda tarin tsoho ba. Kuɗin littafi kuma na littafi ne, don shi aka ba ka. Mun sami hanya a nan, mun daidaita da Dattijo Kumai, ina samun allurata, kuma ina biyan abin da ya dace da ni. Saboda haka ka kwantar da hankalinka.

Gwaggonka tana gaishe ka. Aikin makaranta ya yi mata yawa, kuma ka san zuciyarta, tana hucewa in an ƙyale ta. Kada ka sake rubuto zancen nan ka tayar mata da shi. Ka bar wasiƙa gaba ɗaya sai ka ajiye alƙalamin jarrabawa, sannan ka zo ka ba ni labarin tambayoyin da aka yi muku.

Ubangiji ya ba ka hikima.

Babanka,
Eli.

Zariya,
13 ga Yuni, 1975.

Gwaggo,

Gaisuwa gare ki da Baba, da fatan jikinsa ya yi ƙarfi. Jiya na rubuta takarda ta ƙarshe. Ina ganin na yi abin kirki, sakamako sai Agusta.

Na bi umarnin Baba ban rubuto ba. Da ya ce kun daidaita da Dattijo, na fahimci ya sauko muku da farashi ne, na gode wa Allah, na sayi littattafaina. Shirunki kuwa na ɗauka fushi ne, na ce na cancanta. Sai shekaranjiya na haɗu da wani ɗalibi ɗan Fadan Kaje da ya je biki Godogodo a watan jiya. Ya ce ya ga ana tura wani tsoho a keke a bakin kasuwa, mutum biyu suna riƙe da shi don kada ya faɗi, aka ce masa Malam Eli ne. Ya ce bai gane shi ba, shi da Baba ya koyar da shi a aji shida. Gwaggo, in da sauƙi, me ya sa ake riƙe shi?

Ban jira takardar asibiti ba. Wani abokina mai karatun likita ya samo mini wata, na sayar da littattafan da rediyona, na sayi kwalba arba'in. Na ba Romanus, mai duba tikiti a jirgin Kafanchan, wanda Baba ya koyar da 'ya'yansa. Ya yi alkawari zai kawo har gida da kansa, tare da wannan wasiƙa. Ki ba Sista Irene ta fara ranar da suka iso, kada a sake zuwa shagon nan.

Na kama aikin hutu na mako biyu a nan don in sami kuɗin wasu arba'in ɗin. Da na karɓa zan taho. Ki rubuto mini gaskiyar yadda yake, ko da layi biyu ne.

Ɗanki,
Silvanus.

Godogodo,
22 ga Yuni, 1975.

Ɗana Silvanus,

Ina gaishe ka. Ni ina nan da rai. Ka nemi gaskiya, ga ta. Babanka ya rasu ranar Talata, goma ga wata, da hantsi. Jini ne ya ɓalle masa. Mun binne shi washegari a bayan majami'a. Ya sa na yi masa alkawari ba za a buga maka waya ba sai ka gama jarrabawa, ni kuwa ban san ranar gamawarka ba. Romanus ya iso ranar Talatar da ta biyo, da kwali a kansa. Da ya ga mata zaune a tsakar gida sai ya sauke kwalin a ƙofa ya fashe da kuka.

Wasiƙarka ta Afrilu ban gan ta ba sai bayan jana'iza, a cikin aljihun kwat ɗinsa na zuwa sujada. Ban san ka sami allura ba, ban san ka ce a kira ka ba, ban san ya amsa maka ba. Wata biyu ina cewa yaron nan na yi masa faɗa sau ɗaya ya ɗauke ƙafa, ashe kai ma kana can kana cewa gwaggo ta ƙi ka. Da na ga wasiƙar nan a lokacinta, da kalma ɗayar da ka nema na aiko maka da ita ko da ƙafa ne.

Hanyar da ya ce mun samu, bari in gaya maka ita. Kumai bai rage ko kobo ba. Babanka ne ya zauna ya duba abin da albashina zai iya bayan abinci, ya ga allura biyu ce a mako, ya ce to biyu zai yi, Litinin da Alhamis. Sista Irene ta gaya masa wannan allura ba a yi mata haka, in ana tsallakewa ciwon yana sabawa da ita. Ya ce abin da ya fi ƙarfin aljihunsa ta hanyar gaskiya ba rabonsa ba ne. Na roƙe shi mu cire kwanon mu sayar, ya ce ba zai mutu ya bar ni ruwa na zuba a kaina ba. Na yi faɗa, na yi kuka, na kawo Fasto. Ka san shi in ya ce a'a da murmushi.

Ina fushi da shi, Silvanus. Mata suna zuwa suna ce mini mutumin kirki ne, ni ma na sani, amma ina fushi da shi, kuma ba inda zan kai fushin. Kai kuwa na daina fushi da kai. Ka yi wauta irin ta mai ilimi, ni na yi irin ta mai tsoro, shi ya yi tasa. Kada ka ɗauki duka a kanka, ba naka ba ne kai kaɗai.

Kwalaben na ba Sista Irene. Ta hau dutse da su ranar Alhamis, ta sami ɗaya daga cikin mutanen nan biyu da suka daina saukowa, wata mata mai 'ya'ya huɗu. Ɗayan an binne shi tun Mayu. Irene za ta zauna can ta yi mata. In ka sami kuɗin aikin hutun, ka sayo wasu arba'in ɗin kamar yadda ka yi niyya, matar tana bukatarsu.

Kumai ya zo jana'iza. Yana cikin waɗanda suka ɗauki akwatin, kuma na ga hawaye a fuskarsa, ba na ƙarya ba ne. Jiya kaina ya matsa mini, na rasa wanda zan aika, na tafi shagon da kaina neman maganin ciwon kai. Da ya gan ni ya tashi ya ba ni kujera, ya yi mini ta'aziyya. Na miƙa masa abin da na saba biya, sai ya mayar mini da fiye da rabi.

Ya ce, "Malama, yanzu ke gwauruwa ce. Daga yau komai na shagon nan kuɗin manoma za ki biya."

Na ce, "Har allurar?"

Ya ce, "Har allurar. Kobo arba'in."

Da kyakkyawar zuciya ya faɗa, yana jiran in yi godiya. Na tsaya ina kallon kwalayen a bayansa, suna nan jere har rufi. Na ɗauki canjina na fito.

Ka zo gida, ɗana. Gidan ya yi mini girma.

Gwaggonka,
Martha.